Kafin Wayar Salula: Tarihin Ƙaramar Kyamarar Fim Da Mujallunta, Da Rabonmu A Ciki

A Bengu, kamar sauran garuruwan ƙasar Gaya, da wuya yau a yi biki ko suna ko kokowa ba ka ga yara sun ɗaga wayoyi sama suna ɗauka ba. Iyaye da yawa abin yana damunsu, kuma suna da hujja, domin hoton da aka ɗauka cikin wasa yana iya kashe aure ko ya kunyata dattijo a gaban jikokinsa. Mu malamai kuwa, yawanci iyakar dabararmu ita ce mu karɓe wayar a aji, mu mayar bayan an tashi.

Ina so in kawo mana wani tarihi da nake ganin zai yi amfani. Wannan ba shi ne karon farko da kyamarar ɗaukar hoto mai motsi ta faɗa hannun mutanen da ba sana'arsu ba ce. An yi haka kusan shekara ɗari da ta wuce, kuma mutanen wancan zamani sun nemo wa abin tarbiyya. A Turai da Amurka mujallu ne suka yi wannan aiki. A Nijar, inda mujallun ba su zo da harshenmu ba, wani abu dabam ne ya tsaya a madadinsu, har ya fitar da mutanen da suka ɗaga sunan ƙasar a Afirka. Abin da nake son mu duba shi ne mene ne wannan abin, kuma me ya sa ya yi rauni.

Yadda fim ya ƙanƙance

A farkon silima, zaren fim ɗin da ake ɗauka a kansa faɗinsa milimita 35 ne. Yana da tsada, kyamararsa tana da nauyi, sannan sinadarin da aka yi shi da shi yana kama wuta kamar busasshiyar ciyawa. Ba abin da mutum zai ajiye a ɗakinsa ba ne. Saboda haka kamfanoni suka shiga neman ƙaramin zare, mai araha, wanda ba ya tashin gobara.

A 1922 kamfanin Pathé na Faransa ya fito da zare mai faɗin milimita 9.5, da ƙaramin majigi na gida da ya kira Pathé-Baby. A 1923 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da mai milimita 16. A 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, Kodak ya sake raba shi biyu ya fito da mai milimita 8, don mai ƙaramin ƙarfi. A 1965 aka sami Super 8, wanda zarensa ke zuwa cikin ɗan akwatin roba, sai dai a tura shi cikin kyamara a danna.

Akwai abu ɗaya da ya kamata yaran yau su ji game da waɗannan kyamarori: ba su da yalwa. Akwatin Super 8 ɗaya zaren mita 15 ne, kuma minti uku da daƙiƙa ashirin yake ɗauka ya ƙare. Naɗin milimita 16 na mita 30 ba ya cika minti uku idan an ɗauka da saurin silima. Yawancinsu ba sa ɗaukar murya. Da yawa wani ake yi musu da hannu kamar agogon da, kuma wani ɗaya ba ya kai rabin minti sai kyamara ta tsaya. Ba a gogewa a sake. Ba a ganin abin da aka ɗauka sai an aika zaren inda ake wanke shi, a jira makonni. Mai riƙe da irin wannan kyamara dole ya yi tunani kafin ya danna, don kowace daƙiƙa kuɗi ce.

Mujallun ƴan sha'awa

Sayen kyamara daban, iya aiki da ita daban. Likita ko ɗan kasuwa ko malamin makaranta da ya saye ta sai ya ga hotonsa ya fito da duhu, ko yana rawa, ko an sare kawunan mutane. Babu makarantar da zai je. Nan ne mujallu suka shigo.

A 1926 wani injiniya mai suna Hiram Percy Maxim ya kafa ƙungiyar masu ɗaukar fim don sha'awa a birnin New York, wato Amateur Cinema League, kuma a ƙarshen shekarar ta soma buga mujallarta, wadda daga baya aka sani da Movie Makers. A Faransa kamfanin Pathé yana da tasa, Le Cinéma chez soi, ma'ana silima a gida. A Ingila an soma buga Amateur Cine World a 1934, ta yi ta fita har 1967, lokacin da aka haɗe ta da wata ta koma Movie Maker, wadda ita kuma ta kai 1985.

Aiki huɗu waɗannan mujallu suka yi. Na farko koyarwa: yadda ake auna haske, yadda ake tsayar da hannu, yadda ake yanke zare da almakashi a liƙa shi don labari ya tafi daidai, yadda ake rubuta tsarin fim a takarda kafin a fita. Na biyu haɗa mutane: suna buga labaran kulob-kulob na garuruwa da wasiƙun masu karatu, wanda ya gano wata dabara ya rubuto, wani a wani gari ya gwada ya ba da amsa. Na uku hukunci: tun daga 1930 ƙungiyar Amurka take zaɓen finafinai goma mafi kyau na shekara, mujallar Ingila ma ta yi irin wannan gasa, ana faɗa wa mutum inda ya kyauta da inda ya gaza. Na huɗu ajiya, ko da ba da niyya ba: finafinai da yawa na wancan lokaci sun ɓace, amma sunayensu da na masu su da abin da suka ƙunsa suna nan a shafukan mujallun.

Gasar nan ba wasan yara ba ce. Peter Watkins na Ingila ta nan ya fito, finafinansa na sha'awa suka shiga cikin goman, daga nan BBC ta ɗauke shi aiki. Steven Spielberg ma da kyamarar mahaifinsa ta milimita 8 ya fara. Sai dai a faɗi gaskiya, mujallun da Turanci da Faransanci ake buga su, kuma mai kuɗin sayen kyamara suke wa magana. Manomi a Dallol Foga ba ya cikin lissafinsu.

Mujallar da aka yi a kanmu

Duk da haka akwai mujalla ɗaya ta ƙaramin fim da ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Tun ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in kiwon lafiya Bature a Legas, William Sellers, yake amfani da fim don nuna wa jama'a alaƙar ɓeraye da annoba. Da aka soma Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, gwamnatin Ingila ta kafa sashen finafinai na ƙasashen da take mulka, Colonial Film Unit, ta ɗora shi a kai. Daga 1942 zuwa 1954 sashen ya buga mujalla mai suna Colonial Cinema.

Tsarinsu shi ne a aika wa jami'an mulki kyamarar milimita 16 da zare, su ɗauko abin da ke yankinsu, su mayar London a wanke a haɗa, a dawo musu da shi tare da gyare-gyare. Jami'an nan ƴan koyo ne, don haka mujallar take koya musu aiki kamar yadda sauran mujallun ƴan sha'awa ke yi, tana kuma buga rahoton yadda ƴan kallo suka karɓi fim a ƙauyuka. Finafinan su ne ake yawo da su a mota, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da dare, tafinta yana bayani da Hausa ta lasifika. Abin da iyayenmu na Kamba da Birnin Kabi da Sakkwato suka sani da majigi ke nan.

Amma a mujallar nan mu abin magana ne, ba abokan magana ba. Sellers ya yi imani cewa Ba'afirke na ƙauye ba zai gane fim ba sai an yi shi a hankali ƙwarai, ba dabara, ba tsallake, kamar ana yi wa jariri tauna. A kan wannan zato aka gina koyarwar. Sai a 1948 aka buɗe makarantar horar da ƴan ƙasa a Ankara ta Gana, inda ɗaliban farko suka haɗa da ƴan Najeriya uku. Daga irin wannan aikin gwamnati ne daga baya aka sami su Adamu Halilu, wanda ya mayar da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976.

A ɓangarenmu na Faransa ƙofar ta fi ƙunci. A 1934 ministan ƙasashen mulkin mallaka, Pierre Laval, ya sa hannu a dokar da ta ce ba a ɗaukar fim a ƙasashen Afirka na Faransa sai da izinin hukuma. Shi ya sa Paulin Soumanou Vieyra, haifaffen Porto-Novo a maƙwabciyarmu Benin, da shi da abokansa suka ɗauki fim ɗinsu Afrique sur Seine a 1955 a birnin Paris. A ƙasar Bature an bar su, a tasu ba a bar su ba.

Kyamarar da ta bi ta gaban Gaya

Labarin Nijar ya faro ne daga wani ɗan koyo. Jean Rouch ya zo Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, a nan ya haɗu da wani saurayi ɗan masunta, Damouré Zika, suka ƙulla abotar da ta kai har mutuwa. Bayan yaƙi, a 1946, Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka ƙudura bin kogin Isa, wanda ƴan Najeriya ke kira Kwara, tun daga mafarinsa a Gini har inda ya faɗa teku, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Sun kai a 1947. Hanyar ruwa ɗaya ce, don haka ta gaban Gaya jirginsu ya bi kafin ya shiga Najeriya. A cikin kayansu akwai tsohuwar kyamarar Bell & Howell ta milimita 16 da Rouch ya saya a kasuwar gwanjo ta Paris.

A hanya ya rasa ƙafafun da ake ɗora kyamarar a kai, dole ya riƙe ta da hannu, abin da littattafan koyarwa na lokacin suke hanawa. Da ita ya ɗauki farautar dorina ta Sorkawa a Ayoru. Da ya koma Paris, kamfanin da ya sayi hoton ya sake jera shi yadda ya ga dama, ya ɗora masa bayani mai zuzutawa irin wanda Turawa ke son ji game da baƙar fata, ya fitar da shi da suna Au pays des mages noirs. Rouch bai ji daɗi ba. Darasin farko ke nan: wanda ya riƙe almakashi shi ke da labari, ko da wani ne ya ɗauko hoton.

Darasi na biyu ya fi girma. Rouch ya koma ya sake ɗaukar farautar dorina da kyau, ya kira fim ɗin Bataille sur le grand fleuve. A 1954 ya ɗauko majigi da janareto ya je Ayoru, ya kafa ƙyalle, ya nuna wa mutanen da ya ɗauka. Suka kalla, suka nemi a maimaita, sannan suka soma gyara masa. Babban ƙorafinsu kiɗan da ya ɗora a kan farautar. Suka ce masa ba a farautar dorina da kiɗa, tana ji daga ƙarƙashin ruwa, kiɗa zai ƙara mata ƙarfin zuciya ta kuɓuce. Rouch ya karɓi gyaran, ya daina ɗora irin wannan kiɗa a kan finafinansa na al'adu.

A tsaya a kwatanta. A shekarar da mujallar Colonial Cinema ta rufe, bayan ta shafe shekaru tana koya wa jami'ai cewa ɗan ƙauye ba ya gane fim, a shekarar ce masuntan Ayoru da ba su je lakwal ba suka gano kuskuren da masu haɗa fim a Paris ba su gani ba. Aikin da shafin hukunci ke yi a mujallun Turai, shi suka yi a bakin kogi, da baki. A wannan zaman kallo ne kuma aka sami shawarar wasu finafinai biyu: Damouré ya kawo ta Jaguar, labarin samari masu tafiya cin rani Gana, wani maharbi kuma ya gayyace shi farautar zaki da baka.

Kulob ɗin Yamai

Bayan samun ƴancin kai a 1960, ƙaramar kyamara ta shiga hannun ƴan ƙasa. Wurare biyu a Yamai suka zama matattara: cibiyar binciken da Rouch ke aiki da ita, wadda yanzu ake kira IRSH, da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, wadda daga baya aka taɓa sa wa sunansa. A can akwai kulob na silima inda ake kallon fim a tattauna, ana kuma koyar da riƙe kyamara da ɗaukar murya. Kusan duk finafinan farko na Nijar a kan milimita 16 aka ɗauke su, zaren da aka ƙirƙira don mai gida ya ɗauki ƴaƴansa suna wasa.

Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, makanike ne da farko. Tun yana yaro yake tara tsaransa yana nuna musu inuwar zane-zanensa da hasken fitila, tun kafin ya san akwai masu yin haka a matsayin sana'a. A 1962 ya fitar da Aouré, wato aure. Ya je Kanada ya koyi zane mai motsi a wurin Norman McLaren, ya kuma yi La Mort de Gandji, wanda ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar ya yi Bon voyage Sim, ɗan gajeren zane na shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, ana yi masa fareti da jawabai. Ba sai an gaya wa mai kallo su wa ake nufi ba.

Wanda nake son iyaye su sani shi ne Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966. Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, kowa ya sake suna, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu har jini ya zuba. Wato shekara sittin da ta wuce, ɗan Nijar ya riga ya yi fim a kan abin da muke kuka da shi yau: yaro ya ga abu a allo, ya ɗauka, ya manta gidansu. Bai yi wa'azi ba, ya nuna ne kawai, aka yi dariya, aka kuma gane. Zalika Souley, wadda ta fito a ciki, ta sha zagi da tsangwama saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take kwaikwayo. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a fim ɗin Al'lèèssi.

Oumarou Ganda kuwa sojan Faransa ne da aka kai yaƙin Indocin yana ɗan saurayi, ya dawo ya tafi Abijan neman abinci. A can Rouch ya same shi ya sa shi a Moi, un noir na 1958. Da ya dawo Yamai ya shiga kulob ɗin. A 1968 aka yi gasar rubuta labarin fim, ya rubuta abin da ya sani, wato tsohon soja da ya dawo gida da kuɗi, abokai suka taya shi cinyewa suka watse. Shi ne Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin Alhajin da ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa baiko, ya ci babbar kyautar Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu, karon farko da aka ba da ita. Bayansu aka sami su Djingarey Maïga da Inoussa Ousseini, da Mariama Hima, wadda a shekarun 1980 ta ɗauki masu sarrafa tsofaffin tayoyi a Yamai ta kira fim ɗin Baabu Banza.

A lura da abin da ya fitar da waɗannan mutane. Makanike, tsohon soja, ɗan masunta. Babu wanda ya fara daga babbar makarantar fim. Sun sami kyamara ƙarama, sun sami wanda ya nuna musu, sun sami gasa, sun sami ƴan kallo masu faɗin gaskiya. Uku daga cikin ayyuka huɗu na mujalla ke nan, kulob ya yi su. Na huɗun ne ya yi ƙaranci, wato rubutawa da ajiyewa a inda ɗan ƙasa zai kai hannu.

Abin da ya ɓace, da abin da Kano ta yi

Ilimin yana cikin kawunan mutane ƙalilan, a gari ɗaya. Wankin zaren kuma a Faransa ake yi, don haka asalin finafinai da yawa can suka zauna. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. A shekarun nan kuɗin yuraniyom ya ja baya, bidiyo ya shigo, ƙaramin zare ya mutu a kasuwar duniya, har mujallar Movie Maker ta Ingila ta rufe. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. Alassane ya koma Tawa yana aiki da ƴan tsanarsa a otel ɗinsa, ya rasu a 2015. Shi kansa zaren ba ya son zafi da laima, in ya daɗe sai ya soma warin tsami, ya nannaɗe, hoton ya tafi. Duk malamin da ke shakka, ya tambayi ɗalibansa gobe wane ne Oumarou Ganda. Wanda ya taɓa zuwa Yamai zai ce sunan wata cibiya ce.

A Kano abin ya bi wata hanya. Ƴan wasan kwaikwayo na ƙungiyar Tumbin Giwa sun fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, su ma ƴan koyo da ƙaramar kyamara. Bambancin shi ne rubutu ya biyo su da Hausa. Mujallar Tauraruwa ta fito a 1998, kuma a shafinta ne Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro sunan da ya zama Kannywood. A Maris 1999 Ibrahim Sheme ya soma buga mujallar Fim. Gaskiya ne sun fi ba da ƙarfi ga labaran ƴan wasa a kan koyar da riƙe kyamara, amma sun buga hira da sharhi da wasiƙun masu kallo, har da masu suka. Yau duk mai son rubuta tarihin fim ɗin Hausa, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, yana da inda zai buɗa ya ga wa ya yi me, a wace shekara.

Abin da ya rage gare mu

Wayar da ke aljihun ɗan aji shida a Bengu ta fi kyamarar Rouch ta kowace fuska: tana ɗaukar murya, tana da launi, ba ta ƙarewa a minti uku. Abin da ba ta zo da shi ba shi ne mai koyarwa, da abokan shawara, da mai hukunci, da ma'ajiya. Facebook da TikTok suna ƙirga masu kallo, ba sa gaya wa yaro cewa ya ci mutuncin wanda ya ɗauka. Wannan gurbin namu ne.

Kuma ba baƙon aiki ba ne ga malaman Nijar. A farkon shekarun 1960 an kafa kulob-kulob na rediyo a ƙauyuka, inda masu jagoranci, da yawansu malaman makaranta, suke tara mutane a saurari shiri, a tattauna, a ɗauki muryoyinsu a rikoda a aika Yamai. A 1964 aka soma gwajin talabijin na makaranta. Magabatanmu a aikin nan ba su ji tsoron na'ura ba, sun sa ta a layi.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma ba ya bukatar kuɗi. Malami ya tara yara goma ko goma sha biyu sau ɗaya a mako, da waya ɗaya ko biyu da iyaye suka yarda. A sa musu dokar tsohon zare: fim kada ya wuce minti uku, ɗauka ɗaya kada ta wuce rabin minti. Kafin a taɓa waya a rubuta a takarda abin da za a nuna, me zai fara, me zai biyo, wanda hakan darasin rubutu ne a kansa. Kada a ɗauki kowa sai an gaishe shi an nemi izininsa, mace kuwa har da na gidansu. Kafin hoto ya hau intanet a koma a nuna wa waɗanda aka ɗauka, a saurari gyaransu kamar yadda aka yi a Ayoru, in sun ce a cire a cire.

Abin ɗauka kuwa yana ƙofar gida. Matan da ke kankare ƙasa su tace su dafa gishirin Foga. Giginya, tun daga muruci har azara. Masu rake, masu saƙar tabarma, masuntan bakin kogi, motocin da ke jiran tsallaka gadar Malanville. Tsohon da ya san yadda aka kafa unguwarsu, wanda in ba a ɗauke shi bana ba, wataƙila baɗi sai labari.

Sannan a yi abin da kulob ɗin Yamai bai samu yi sosai ba. A sayi babban littafi, kowane fim a rubuta sunansa, ranar ɗauka, waɗanda suka yi, waɗanda ke ciki, da abin da masu kallo suka ce. A ƙarshen kowane zango a fitar da shafi ɗaya da Hausa a liƙa a bangon makaranta: wannan ya yi kyau saboda kaza, wancan hannu ya yi rawa, ga dabarar da wance ta gano ta kare iska daga shiga murya. A ajiye kwafin finafinan wuri biyu, kada su zauna a waya ɗaya da za ta iya faɗawa ruwa. Makarantar Bana ko Tunuga ko Yelu in ta yi nata, sai a yi musanya, a zaɓi uku mafi kyau a nuna wa iyaye da dare a filin makaranta. Mujallar New York ma daga ƙungiyar ƴan sha'awa ta faro.

Ga iyaye kuma, roƙona kaɗan ne. In yaro ya ɗauko abu, a ce ya kawo a gani, a zauna a kalla tare, a gaya masa inda ya kyauta da inda ya kauce. Kun fi shi sanin yadda ake dafa gishiri da yadda ake shiga gaban manya, kamar yadda masuntan Ayoru suka fi Rouch sanin dorina. Malamin da ya gwada wannan a makarantarsa, ina son jin yadda ta kaya.